Cinikin Biri a Sama: Labarin Kwikwiyo Mai Suna Biyu

Mun san wasunku za su ce me ya kai wannan fili ga zancen kare, alhali ga tsadar shinkafa, ga kuɗin makarantar yara yana jira. To, ku yi mana haƙuri. Zancen ne ya tako ya same mu har ƙofar gida, kuma da ƙyar bai ci abincin wani magidanci daga cikinmu ba.

Akwai wani ɗan'uwanmu direba, mazaunin Briketeri a nan Yawunde, wanda ya shekara 11 yana tuƙa wani babban ma'aikaci da ke zaune a Bastos. Ran nan 'yar autar maigidan ta ga hoton wani kwikwiyo a waya, mai gashi a nannaɗe kamar na ɗan tunkiya, ta kafe da kuka sai an saya mata. Uwargida ta yi magana da mai shi, ya ce sunan irin Labradudul, ya ce ba ya zubar da gashi, ba ya ciwo, kuma saura guda ɗaya tak, ga wasu mutum biyu suna layi. Aka tura masa rabin kuɗi ta waya, aka damƙa wa direba ragowar jaka 200 ta sefa aka ce ya tafi Duwala ya karɓo. Da ya isa, mai karen bai yarda a zo gidansa ba. Ya ce unguwarsu ba ta shiguwa da mota, su haɗu a wani gidan mai a bakin hanya. Nan ya miƙo kwali da kwikwiyo a ciki, da wani kati da aka rubuta kwanakin allura da biro, babu hatimin likita, babu sa hannu. Ya ƙirga kuɗinsa, ya hau babur, ya yi gaba.

Washegari da dare kwikwiyo ya ƙi cin abinci. Kwana na biyu amai, kwana na uku zawo da jini, kafin mako ya zagayo ya mutu. Yarinya tana kuka, uwargida tana faɗa, sai laifi ya gangaro kan wanda ya fi kowa ƙarancin gata a gidan. Aka ce direba ya bar shi cikin zafin mota, aka ce ko ya ba shi wani abu a hanya. Har wani daga cikin ma'aikatan gidan ya ce, ai dama ku ba ku ƙaunar kare. Wannan kalma ita ta fi yi masa zafi, ita ce kuma ta sa ya zo ya same mu. Duk wanda ya zauna a matsayin tsiraru a cikin gari ya san irin wannan "ku" ɗin, wadda ake jefa wa mutum ɗaya amma a nufi unguwa guda.

Wannan ya sa muka tashi neman sanin wane irin kare ne wannan da ake biyan kuɗin ɗan maraƙi a kansa. Abin da muka tarar ya ba mu dariya, ya kuma ba mu tausayi.

Asalin abin daga Ostareliya yake. A shekarar 1989 wani mutum mai suna Wally Conron yana kula da kiwon karnuka a wata ƙungiya da ke horar da karnuka su zama 'yan jagoran makafi. Wata makauniya daga tsibirin Hawayi ta nemi a ba ta kare, amma mijinta jikinsa ba ya jituwa da kare, da ya kusance shi sai atishawa da ƙaiƙayi. Karen da aka saba horarwa don jagora shi ne Labrador, mai sanyin hali amma mai zubar da gashi. Akwai kuma Pudul, wanda masu Faransanci ke kira kanish, shi gashinsa ba ya zuba sosai. Conron ya gwada Pudul sama da 30 bai sami wanda ya iya aikin jagora ba, sai ya haɗa namijin Pudul da karyar Labrador. Ta haifi uku. Aka aika gashinsu da yawunsu aka gwada a kan mijin, sai ɗaya kaɗai daga cikin ukun ya dace, wanda aka sa wa suna Sultan. Ku riƙe wannan lissafi, masu karatu: ɗaya cikin uku, tun daga haihuwar farko, a hannun wanda ya san aikin.

Sauran biyun fa? Iyalan da suka saba karɓar kwiyakwiyai su rene su kafin horo duk suka ƙi, suka ce su ba sa son ruwa biyu. Sai Conron ya yi dabara, ya yanko rabin sunan uwa ya liƙa da rabin sunan uba, ya sa aka gaya wa 'yan jarida cewa an samo sabon irin kare, Labradudul. Nan da nan wayar ofis ta ƙi hutawa. Kare bai canja ba, gashinsa bai ƙaru da sili ɗaya ba, suna kawai aka raɗa masa. Bayan shekara 30, a 2019, mutumin da kansa ya faɗa wa gidan rediyon ƙasarsu cewa wannan shi ne babban abin da yake nadama a rayuwarsa, domin ya buɗe ƙofa ga masu neman kuɗi da ke haɗa karnuka ba tare da duba lafiyar iyayen ba. Daga nan kasuwa ta cika da sunaye: Goldindudul, Kabapu, Maltipu, ga kuma Kokapu wanda ya girme su duka a Amurka. Mu dai a Hausa tun tuni muna da suna ɗaya da ya ɗauke su gaba ɗaya, watau barbarar yanyawa, sai dai ba mu taɓa tunanin za a sa mata farashi ba.

Kada a ce muna zagin haɗa iri. Mu da muka tashi cikin dabbobi mun fi kowa sanin amfaninsa. Alfadari ɗan jaki ne da goɗiya, kuma ya fi iyayensa jure wahala. A tashar binciken dabbobi ta Wakwa, kusa da Ngaundare, tun shekarun 1950 aka kawo bijiman Brahman daga Amurka aka haɗa su da shanunmu Gudali don a sami nama mai yawa. An sami girman jiki, amma an kuma tarar cewa jinin baƙon bai iya jure kirci kamar na gida ba. Darasin da kowane makiyayi ya sani ke nan: in ka haɗa iri biyu, ba kai ke zaɓen abin da ɗan zai ɗauko ba. Yana iya ɗauko ƙarfin uba da haƙurin uwa, yana kuma iya ɗauko lalurar uba da lalurar uwa gaba ɗaya. Sa'an nan in aka sake haɗa 'ya'yan da junansu, jikokin sai su tarwatse, wannan ya koma kaka ta wajen uwa, wancan ya koma kakan wajen uba. Saboda haka a ciki ɗaya na Labradudul ana samun mai gashi nannaɗaɗɗe, da mai gashi miƙaƙƙe da ke zuba a kan kujera kamar na kowane kare. Mai sayarwa da ya rantse maka da irin gashin da kwikwiyo ɗan wata biyu zai yi in ya girma, ya faɗi abin da bai sani ba, domin gashin jarirantaka yakan zube wani ya fito.

Haka batun cewa ba ya tayar wa mutum da atishawa. Abin da ke tayar da ita yana cikin yawun kare da ɓarɓashin fatarsa, kowane kare kuwa yana da yawu da fata. A 2011 masu bincike a Amurka sun auna ƙurar gidajen da ke da irin karnukan da ake yi wa wannan kirari, da ta gidajen da ke da sauran karnuka, ba su ga bambancin a zo a gani ba. Batun lafiya ma haka. A 2024 kwalejin likitocin dabbobi ta Landan ta fitar da binciken da ta yi a kan karnuka fiye da 9,000, inda ta gwada Kokapu da Labradudul da Kabapu da irin iyayensu a kan cututtuka 57. A mafi yawan gwajin, sama da kashi 86 cikin 100, babu bambanci. Ba su fi iyayensu lafiya ba, ba su kuma fi su ciwo ba. Labrador da Pudul duk ana samun ciwon gaɓar ƙugu a cikinsu, da wata makanta ta gado da ke zuwa a hankali, don haka ɗansu ba shi da wata kariya sai in an duba iyayen kafin a haɗa su.

Ƙasashen da abin ya fara yi wa yawa sun riga sun ga ɓarnarsa. Inda kuɗi ya shiga sai aka sami masu tara karyoyi a keji suna ta haihuwa ba hutu, cikin kare kuwa wata biyu ne kacal, kwana 63 ko kusa da haka. An ceto wata karya mai suna Lucy daga irin wannan wuri a yankin Wales, jikinta duk ya lalace, sunanta aka sa wa dokar da ta fara aiki a Ingila a watan Afrilu na 2020, wadda ta hana kowa sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba sai wanda aka haife shi a hannunsa. Faransa kuma tun 2022 ta wajabta wa mai saye ya sa hannu a wata takardar alkawari, ya jira kwana 7 kafin ya karɓi dabbar, don a ba zuciya lokacin hucewa. Daga farkon 2024 kuma ta hana sayar da karnuka da kyanwoyi a kantunan dabbobi. Turawa sai da suka yi doka kafin su iso inda kowane dillalin kara ya tsaya tun kakanni, watau a ga dabba a ga inda ta fito.

Akwai wani ɓangare na wannan labari da ba ma jin daɗin rubutawa, amma ɓoye shi ba zai amfane mu ba. Lokacin annobar korona a 2020, da aka kulle mutane a gidaje a Turai da Amurka, kowa ya tashi neman kare don ɗebe kewa, farashi ya hau. Sai 'yan damfara suka buɗe shaguna na ƙarya a intanet da hotunan kwiyakwiyan da suka sato. Ka biya kuɗin kare, a ce ka biya na keji, a ce ka biya na inshora, a ce an tsare shi a filin jirgi sai ka ƙaro, kare kuwa babu shi a duniya. Sunan ƙasarmu ya fito a cikin wannan harka fiye da sau ɗaya. A ƙarshen 2020 an kama wani ɗan Kamaru a Romaniya bisa buƙatar Amurka kan wannan zargi, a watan Afrilu na 2022 kuma kamfanin Google ya kai ƙarar wani mazaunin Kamaru a kotun Amurka kan sayar da kwiyakwiyan da babu su. Muna faɗin haka ne saboda samarinmu na Briketeri da New Bell suna zaune teburi ɗaya da kowa, waya ɗaya suke riƙewa, rashin aiki ɗaya ke cinsu. In aboki ya ce ka ba shi aron lambarka ko katin shaidarka a karɓi wani kuɗi daga waje, zai ba ka kaso, ka tuna sunan da ke kan lambar shi za a fara nema. Iyaye kuma, yaron da ba shi da ko akuya amma wayarsa cike da hotunan karnukan Turai, ya kamata a zaunar da shi a tambaye shi. In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi.

Mun san tambayar da ke bakin da yawa daga cikinku: shin ma ya halatta Musulmi ya sayi kare? Wannan fili ba na fatawa ba ne, malamanmu suna nan, a je gare su. Iyakar abin da za mu tuna wa waɗanda suka yi karatun zaure shi ne, a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid an ambaci hanin sayar da karnuka, an kuma ambaci saɓanin malamai game da wanda aka yi izinin riƙewa, kamar na farauta da na tsaron dabbobi da gona. Masu sharhi sun kawo labarin cewa shi kansa mai littafin ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Ke nan maganar cewa mu maƙiyan kare ne ba ta da tushe. Mafarautanmu da karnukansu suke shiga daji, makiyayanmu ma haka, kuma kowane ɗan makarantar allo ya ji labarin wanda aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Abin da ya fi jan hankalinmu a littafin yana babin ciniki, inda aka hana sayar da kifi yana cikin kogi, da ɗan tayi yana cikin uwarsa, aka kuma hana ɓoye aibin haja. To, ku duba yadda ake cinikin waɗannan kwiyakwiyai: a biya kafin alƙalami tun karya tana da ciki, ko a biya a kan hoto. Cinikin biri a sama ke nan tsantsa.

Ko da mu ba mu saya ba, abin yana biyo mu. Direbobinmu ake aika su ɗauko, masu gadinmu ke kwana da su, 'yan aikinmu ke wanke su. Ga kuma 'yan'uwanmu da ba Musulmi ba da ke karanta wannan jarida, ga waɗanda ke bukatar kare don tsaron gida ko garke. Don haka shawararmu ita ce a sayi kare yadda ake sayen saniya. Wa ya taɓa biyan kuɗin sa a kasuwar Ngaundare ba tare da ya zagaya shi ba, ya buɗe bakinsa, ya sa an kora shi ya ga tafiyarsa? A je gidan mai kiwon da ƙafa. A ga uwar tana tare da 'ya'yanta, domin karyar da ta shayar ana ganewa a nononta, kuma halinta shi ne madubin halin ɗanta. In tana ɓuya tana karkarwa ko tana neman cizo, a yi tunani. A dubi wurin kwanansu da abin da suke ci. Kwikwiyon da bai cika mako 8 ba bai isa rabuwa da uwa ba, komai abin da mai shi zai ce. Katin rigakafi kuwa sai mai ɗauke da hatimin likitan dabbobi da tambarin kwalbar allurar a manne, kuma babu laifi a kira likitan a tabbatar. Allurar farko akan yi ta tsakanin mako 6 zuwa 8, a maimaita har wajen mako 16, kafin nan kwikwiyo bai gama samun kariya ba. In mai sayarwa ya ce a haɗu a tasha ko gidan mai, ko ya ce saura ɗaya a yi sauri, a ce masa albarka a juya. Mai kiwon kirki ma shi ne zai tsare ka da tambayoyi, ina za ka ajiye shi, wa zai kula da shi, domin yana jin ciwon abin da ya rena. Kuma a tafi da shaida, a rubuta takarda cewa in likita ya ga cuta cikin 'yan kwanaki za a mayar da kuɗi. Wanda aka aika kuwa, ya roƙi maigida a kai dabbar wajen likita a ranar da ta iso, don kare mutuncinsa.

Allura ɗaya ce ba a wasa da ita ko kaɗan, ta ciwon haukan kare, wadda ake yi daga wata 3. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma yara ne da yawa daga cikinsu. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ko da mai tsadar nan ne na cikin falo, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar. A Yawunde da Garwa akwai Cibiyar Pasteur da ta san wannan aiki.

Sai kuma abin da ba a faɗa wa mai saye. Wannan gashi da ya ja hankalin yarinya, tun da ba ya zuba, tsawo yake yi yana cukurkuɗewa, sai an riƙa taje shi kusan kullum ana kai shi aski duk bayan 'yan makonni. A laimar Duwala kaska da ƙuma su sami maɓoya a ƙarƙashinsa, kunnuwa su riƙa ruwa. A zafin Garwa na watan Maris kuwa dabbar tana fama kamar wanda aka sa wa bargo da tsakar rana. Kare irin wannan yana iya kai shekara 12 ko fiye. Yarinyar da ta yi kuka a kansa za ta tafi jami'a ta bar shi, mai gadi ne zai gaje shi. Abin mamaki, can a Sahel, tsakanin Nijar da Mali da Burkina Faso, Buzaye suna da nasu kare siriri mai dogayen ƙafafu, Azawak, wanda zafi bai dame shi ba. Turawa sun ɗauke shi zuwa Turai tun shekarun 1970, a 2019 kuma babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin jerin irin da take ji da su. Su suna can suna alfahari da na yankinmu, mu muna nan muna biyan jakunkuna a kan mai rigar sanyi.

Shi kuwa direbanmu, Allah ya taimake shi da likitan dabbobin da aka kai wa kwikwiyon a kwana na uku. Likitan ya ce cutar farbo ce, mai cin hanjin kwiyakwiyai, kuma takan kwana uku zuwa bakwai a jiki kafin ta nuna kanta. Tun da alamun sun fara washegarin isowarsa, to da cutarsa aka sa shi a kwali. Ya ƙara da cewa bisa ga haƙoransa bai fi mako 5 ba, ko da yake katin ya ce 9. Muka shawarci ɗan'uwanmu ya roƙi likitan ya rubuta wannan a takarda, ya rubuta, aka kai wa maigida. Maigida ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu, ya ce a fito da mota. Ba a ba shi haƙuri ba, amma ba a sake ta da maganar ba, albashinsa kuma ya fito cikakke. Lambar mutumin Duwala tun ranar ba ta sake shiga ba.

Makon jiya ya zo ya gaya mana yarinyar ta ga wani hoton, wannan karon wai Maltipu, fari fat. Uwargida ta ce ya shirya. Ya ce mata, ranki ya daɗe, zan je, amma sai an ba ni kwatancen gidan, kuma ba zan miƙa ko dala ba sai na ga uwar. Har yanzu mai karen bai aiko da kwatance ba.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.